Na sayi BABOK na kuma yi kwasa-kwasan BA, ga abin da na gani bayan wata tara

Jama'a tun kwanaki wasu ƙannena ke ta tambayata wai me zan ba su shawara su saya ko su karanta idan suna son shiga aikin nan da ake kira BA, wato mai nazarin buƙatun kasuwanci a cikin aikin haɗa manhaja, kuma kullum sai in ce ku bari in samu lokaci, toh yau dai na zauna. Ni ba gwani ba ne da ya shekara goma a harkar, daga ɓangaren lissafin kuɗi na taho na koma wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja a nan Kano, amma na kashe kuɗina na kashe datata na kuma ɓata dare da yawa a kan kayan koyon nan, saboda haka abin da zan faɗa na taɓa shi da hannuna ne.

Da farko saboda wanda bai san aikin ba. BA shi ne mutumin da ke tsaye tsakanin mai kasuwanci da masu rubuta manhaja. Alhaji mai kanti ko shugabar makaranta ta san ciwon da ke damunta amma ba ta san yaren kwamfuta ba, shi kuma debelofa ya san yaren kwamfuta amma bai taɓa tsayuwa a kanti ranar da aka sauke kaya ba, toh kai ne za ka je ka zauna ka saurara ka tono ainihin abin da ake buƙata ka rubuta shi yadda ba zai ɗauki fassara biyu ba. Kuma don Allah a daina haɗa shi da mai nazarin alƙaluma, wancan da ke zama da Excel da Power BI yana fitar da jadawali, suna da dangantaka amma ba aiki ɗaya ba ne, na ga mutane da yawa sun biya kuɗin kwas ɗin wancan suna zaton wannan suka saya.

Abu na farko da duk wanda ka tambaya zai ambata maka shi ne BABOK. Littafi ne na IIBA, wato ƙungiyar masu aikin BA ta duniya, wadda aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2003, kuma bugu na uku da ake aiki da shi ya fito ne a 2015. Shafi wajen 500 ne. An kasa aikin BA a cikinsa gida shida: tsara yadda za a yi nazarin da sa ido a kansa, tatso bayani daga bakin mutane da yin aiki tare da su, kula da buƙatu tun daga haihuwarsu har a yi ritayarsu, nazarin inda kasuwancin yake da inda yake son zuwa, tantance buƙatu da fasalta mafita, sai kuma auna ko abin da aka gina ya biya buƙata. A ƙarƙashin waɗannan akwai ayyuka 30, sannan can gaba akwai babi guda mai dabaru 50, tun daga hira da mutum ɗaya zuwa taron bita zuwa zanen tafiyar aiki. Idan ka yi rajistar zama mamba na IIBA za ka samu damar karanta shi ta intanet, kuma kuɗin mamba ya danganta da ƙasar da kake, mu nan ba ma biyan abin da ɗan Amurka ke biya, wannan kam na yaba musu. Suna da reshe a Najeriya ma.

Toh ra'ayina a kansa. Littafin nan ƙamus ne, ba malami ba ne. Wanda ya ɗauke shi ranar farko ya ce zai fara daga shafi na ɗaya ya sauke shi kamar littafin labari zai sha wuya, domin kowane aiki a cikinsa tsari ɗaya aka bi, manufa, bayani, abin da ke shiga, abubuwan da ya ƙunsa, dabaru, masu ruwa da tsaki, abin da ke fita, haka sau talatin, kuma kusan babu wani labari na wani kamfani da za ka bi ka ga yadda aka yi abin a zahiri. Da gangan aka yi shi haka, saboda ana so ya dace da banki da asibiti da ma'aikatar gwamnati duk a lokaci ɗaya. Sati uku na farko ina karantawa ina ja layi amma da na rufe sai in ji ba abin da ya zauna.

Ranar da ya fara yi min amfani ita ce ranar da aka tura ni wurin wani mai sayar da kayan masarufi a sari a kasuwar Singa. Mutumin kirki, dattijo, ya ce min, ɗana ni dai abin da nake so a yi min abin da zan riƙa ganin yawan kayana a waya. Na ce to Baba, na rubuta, na koma ofis da murnata na ce aikin mai sauƙi ne, lissafin kaya ne kawai, shiga da fita. Allah Ya sa ogana ya ce in koma in wuni a shagon kar in tambayi kowa komai in kalla kawai. Wallahi kafin azahar na gane cewa abin da na rubuta ba shi ne matsalar ba. Kaya suna shigowa a katan amma suna fita a katan da rabin katan da rol da dozin wani lokaci har ɗai-ɗai, kuma farashin ba ya tafiya daidai da rabon, rabin katan ba rabin kuɗin katan ba ne. Sannan fiye da rabin waɗanda suka ɗauki kaya a gabana ba su biya a take ba, 'yan kasuwar unguwanni ne da na ƙauye da ke ɗauka su kawo kuɗi in sun sayar, wani ya kawo rabi ya ƙara ɗaukar wasu kayan a kai, ana rubutawa a wani dogon littafi mai baƙin bango, wani bashin ma ba a littafin yake ba yana kan babban yaron shagon ne. Ashe abin da ke hana Baba barci ba yawan katan ɗin taliya ba ne, bai san nawa yake bin mutane ba, kuma bai san wanda ya wuce iyakar da ya kamata a ba shi ba.

Da na dawo gida na buɗe BABOK sai na ga abin nan duk yana ciki an ba shi suna. Kallon mutane suna aikinsu dabara ce guda cikin hamsin ɗin nan, har an bambanta kallon da kake tsoma baki da tambaya da wanda kake shiru. Bambancin abin da mutum ya ce yana so da abin da yake buƙata shi ne ginshiƙin littafin gaba ɗaya, suna da wasu kalmomi shida da komai ke zagayawa a kansu, canji, buƙata, mafita, mai ruwa da tsaki, amfani, da kuma yanayin da ake ciki. Sai kuma rabon buƙatu gida huɗu wanda shi ne abin da na fi amfana da shi har yau. Akwai buƙatar kasuwancin kansa, Baba yana so ya rage asarar bashi. Akwai buƙatar kowane mai ruwa da tsaki, yaron shago yana so ya shigar da ciniki cikin daƙiƙu kaɗan domin layi na jiransa. Akwai buƙatar manhajar, wadda ta rabu biyu, abin da za ta yi da kuma yadda za ta kasance, misali dole ta yi aiki ko babu netwok tunda cikin kasuwa sabis yana ɗaukewa, kuma ta yi aiki a ƙaramar wayar Android mai araha ba sai babba ba. Na huɗun shi ne wanda kowa ke mantawa, buƙatun ƙaura daga tsohon tsari zuwa sabo, wa zai kwashe basussukan da ke cikin littafi mai baƙin bango ya zuba a manhajar, wa zai koya wa yara, sati nawa za a yi ana rubutawa a wuri biyu kafin a ajiye biro. Da ban ga wannan a littafin ba da mun kai manhaja mai kyau an ajiye ta a gefe an ci gaba da biro.

Shi ya sa nake cewa ka samu matsala ta gaske a hannunka tukuna sannan ka buɗe shi. Ko shagon kawunka ne, ko kemis ɗin unguwarku, ko islamiyyar da ake karɓar kuɗin wata ana rubutawa a takarda, ko adashin matan gidanku, je ka zauna ka ga yadda ake yi.

Wanda ya koyar da ni yadda ake rubuta buƙata kuwa wani littafin ne daban, Software Requirements na Karl Wiegers da Joy Beatty, bugu na uku na 2013 daga Microsoft Press. Shi ma ƙato ne amma yana magana da kai kamar mutum, yana ɗauke da misalin wata manhajar bibiyar sinadarai a wani kamfani da ake ta komawa kanta daga babi zuwa babi, sai ka ga jimla mara kyau ka ga yadda aka gyara ta. A nan na koyi tsoron kalmomi irin su "da sauri" da "cikin sauƙi", saboda idan ka rubuta manhaja ta buɗe da sauri, saurin wa? Debelofa yana gwadawa a kan wayfay ɗin ofis ya ga ta buɗe, yaron shago yana cikin rumfa da sanda ɗaya ta netwok yana jira. Sai ka sa adadi, ka ce cikin daƙiƙa kaza a kan irin waya kaza, yadda mai gwaji zai iya cewa ta ci ko ta faɗi. Idan kuɗin littafi ɗaya gare ka kuma aikin manhaja za ka yi ba jarrabawa ba, ni wannan zan ce ka fara saya.

Sai ɓangaren Ajayil, tunda yawancin ƙananan kamfanonin manhaja yanzu ba sa zama su rubuta takardar buƙatu mai shafi ɗari kafin a fara, ana yi ne gutsure-gutsure. Asalin abin wasu mutum 17 ne suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a 2001 suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa. Abin da zan ce kowa ya sauke shi ne jagoran Scrum, wato ɗaya daga cikin hanyoyin gudanar da aikin Ajayil, na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, kyauta ne, bugun 2020 shafi 13 ne kacal, za ka gama shi tsakanin la'asar da magariba. Amma ka sani ba za ka ga sunan BA a ciki ba, matsayi uku kawai ya ambata, mai alhakin samfurin, da mai kula da tsarin Scrum ɗin, da masu ginawa. Wannan ya ɗaga min hankali da farko, na ce to ina wurina? A aikace dai aikin bai ɓace ba, wani ne dole ya zauna da masu kasuwanci ya daddatsa buƙatu ƙanana yadda za su shiga zango ɗaya na aiki, wanda jagoran ya ce kada ya wuce wata guda, mu sati biyu muke yi. IIBA ma suna da wani ƙarin littafi a kan Ajayil da suka yi tare da Agile Alliance, bugu na biyu ya fito 2017, ya fi uwar littafin daɗin karatu.

Yadda muke rubuta buƙata a wannan tsarin shi ne ɗan labarin mai amfani, layi ɗaya, a matsayina na wane, ina son kaza, domin kaza. A matsayina na mai shago ina so in ga jimillar bashin kowane kwastoma kafin a ba shi kaya domin kada ya wuce iyakarsa. Sai ka biyo da sharuɗɗan karɓa, in har ana bin mutum kuɗin da ya kai iyakarsa, idan yaro ya zo shigar da sabon bashi, to manhajar ta tsaya ta nemi amincewar mai shago. Ni ina fara rubuta su da Hausa in karanta wa mai kasuwancin in ji ko zai ce eh haka ne, sannan in mayar Turanci saboda Jira, manhajar da muke jera ayyukanmu a ciki, kuma sau da yawa a wurin karantawar nan ne ake cewa a'a ai wane ko ya wuce iyaka ana ba shi, shekararmu ashirin tare, sai ka gane akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya faɗa maka. Wajen fifita abin da za a fara kuma dabarar MoSCoW ce ta fi shiga kan mutanenmu, dole ne, ya kamata, in da hali, ba yanzu ba. Baba da kansa ya riƙa jefa abubuwa a cikin "ba yanzu ba" da ya fahimci kowane ƙari kuɗi ne da lokaci.

Kwasa-kwasan bidiyo fa? Na yi guda uku. A Coursera akwai jerin darussan BA masu tsari, da aikin gida da komai, kuma suna da hanyar neman tallafi ga wanda ba shi da halin biya, ka cike fom ka bayyana halinka ka jira amsa, wannan ya taimaki mutane da yawa da na sani musamman da yadda dala ta yi tsada. A Udemy kuma kowa na iya ɗora kwas, saboda haka akwai masu kyau sosai akwai na cika wuri, ka duba bidiyon gwaji da ranar da aka sabunta shi da abin da waɗanda suka saya suka ce, kuma kar ka saya a cikakken farashi domin suna yawan yin rangwame, in ka yi haƙuri kwana kaɗan za ka ga ya faɗo. Amfanin bidiyo a wurina shi ne ganin hannun mutum yana zana tafiyar aiki a gabanka, wannan littafi ba zai ba ka ba. Ka riƙa sauke su da dare lokacin garaɓasar data ka kalla da rana.

Na ukun shi ne ya ƙona min rai, kuma ba a waɗancan wuraren ba ne. Wani ne ya yi ta talla a wani guruf cewa sati shida zai mayar da kai BA har da alƙawarin aikin da ake biya da dala daga gida. Na biya kuɗi masu ciwo. Abin da muka samu shi ne yana karanto mana allunan da aka kwafo kusan kalma da kalma daga littafi, babu aikin gwaji ko ɗaya da aka duba mana, sati biyun ƙarshe kuma aka koma koya mana yadda za mu rubuta a takardar neman aiki cewa mun yi shekara uku muna aikin da ba mu taɓa yi ba. A nan na fita. Ban da haramcin abin, ranar da aka zaunar da kai gaban masu kasuwanci aka ce jagoranci taron nan, ƙarya ba za ta yi maka tambaya ko ɗaya ba. Duk wanda ya haɗa maka kwas da alƙawarin aiki ka riƙe kuɗinka ka tambaye shi aikin gwaji nawa zai duba maka da hannunsa.

Kayan aiki kam kar ka kashe ko sisi a farko. draw.io kyauta ne kuma yana da alamomin BPMN, wato tsarin zanen tafiyar aiki da ƙungiyar OMG ke kula da shi, wanda bugunsa na 2.0 ya fito a 2011. Alamomin suna da yawa amma biyar zuwa shida za su kai ka nesa, da'irar farawa, akwatin aiki, lu'ulu'un yanke shawara, kibiya, layin da ke raba aikin wane da na wane, da'irar ƙarewa. Jira na kamfanin Atlassian yana da tsarin kyauta har mutum 10, buɗe ka ƙirƙiri aikin ƙarya ka zuba labaranka ka saba da shi. Sannan ka koyi SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ko kaɗan ne, yadda za ka iya zaro bayani ka haɗa tebur biyu da kanka ba sai ka jira debelofa ya samu sarari ba, sati biyu zuwa uku sun isa ka fara.

Maganar satifiket ita ce ake fi tambayata. IIBA suna da matakai, ECBA na sabon shiga wanda ba a neman ka taɓa aiki, sai CCBA da ke neman awa 3,750 na aikin BA cikin shekara bakwai da suka wuce, sai babban wato CBAP mai neman awa 7,500 cikin shekara goma da awa 35 na horo, jarrabawarsa tambaya 120 ce cikin awa uku da rabi kuma yawanci labarin wani kamfani za a ba ka mai tsawo a ce me ya kamata BA ya yi a nan. Akwai kuma PMI-PBA na ƙungiyar PMI ta Amurka, da difloma ta BCS wadda ta fi karɓuwa a Ingila, da CPRE ta IREB a Jamus wadda ta fi karkata ga buƙatun manhaja zalla. Ka duba ƙasar ko kamfanin da kake hari ka ga wanne suke rubutawa a tallan aikinsu kafin ka zaɓa. Idan jarrabawar IIBA za ka yi toh a nan BABOK ya zama dole, kuma da kalmominsa za ka amsa ba da yadda kuke yi a ofishinku ba, wannan yana kayar da ƙwararru ma. Ka kuma tabbatar katinka zai iya biyan dala, kuma ranar jarrabawa ka tanadi wuta da netwok mai ƙarfi da ɗaki shiru tunda ana iya yinta daga gida ana kallonka ta kyamara.

Abin da na rasa a duk kayan nan, littattafan da bidiyon baki ɗaya, shi ne yadda ake tatso bayani a irin wurarenmu. Duk sun ɗauka za ka kira taro kowa ya faɗi ra'ayinsa a gaban kowa. A wurinmu yaron shago ba zai taɓa cewa tsarin maigidansa na da matsala a gabansa ba, ko akawun makaranta ta musa wa shugaba a cikin taro, za su ce haka ne ranka ya daɗe, kai kuma ka tafi da bayanin da ba shi ne ba. Sai da na koyi raba su, in gaisa da maigida yadda ya kamata in nemi izininsa, in ji nasa, sannan in samu yaran su kaɗai lokacin cin abinci, kuma in na dawo da abin da suka faɗa ba na cewa wane ne ya ce, sai in ce Baba na lura da kaza ko ya kake gani. Haka kuma tambayar nawa kake samu a wata ba a yinta kai tsaye ranar farko, sai an saba an yarda da kai. A shagon Singa sai a zuwana na huɗu babban yaron ya fito min da wani ƙaramin littafi na biyu daga aljihunsa, na waɗanda ke karɓar kaya da safe su kawo kuɗi da yamma, wanda ba ya shiga babban littafin sam, kuma shi ya sa muka ƙara wani nau'in bashi na yini ɗaya a manhajar. Yanzu watansu uku suna aiki da ita, littafi mai baƙin bango yana nan a durowa ana duba tsofaffin basussuka, ni kuma ina shirin zama ECBA bayan sallah in Allah Ya kai mu.